Jawabi Ga Matasa: Aikin Soja Idan Masifa Ta Auku A Cikin Gida

 

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu dattawan jam'iyya, shugabar mata tare da iyayenmu mata da suka ajiye girki da sana'a suka zo, shugabannin matasa na mazaɓu, 'yan'uwana matasa maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Minti ashirin aka ba ni, kuma ba maganar takara ko rabon muƙami zan yi ba. Abin da ya sa na zaɓi wannan batu, gardama ce ta tashi a zaurenmu na WhatsApp kwanakin baya. Wani ƙanenmu ya turo tsohon bidiyon ambaliyar Maiduguri, ga sojoji cikin ruwa har ƙirji suna fito da tsofaffi da yara, sai ya rubuta a ƙasa cewa wai me ake jira, a ba waɗannan ƙasar kawai su riƙe. Nan take wani ya mayar masa da hoton Tudun Biri, ya ce ga aikinsu nan. Aka yi ta cacar baki har mutum biyu suka fice daga zauren. Na karanta duka, na ga kowa ya riƙo gefe guda na gaskiya ya saki ɗayan. To tunda damina na tafe, kuma zaɓe ma na tafe, gara mu zauna mu warware maganar nan ido da ido.

Mu fara da Maiduguri, don ita ce kowa ya gani.

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle. Mutane na barci ruwa ya shigo gari. Gwange, Fori, Bulabulin, Kasuwar Monday, fadar Mai Martaba Shehun Borno, asibitin koyarwa na jami'a, duk ruwa ya shiga. Katangar gidan yari ta faɗi, hukuma ta ce fursunoni 281 sun tsere. Gidan zu ya cika da ruwa, yawancin dabbobin suka mutu, aka riƙa gargaɗin mutane a kan kada da macizai. Gwamnan jihar, Farfesa Babagana Zulum, ya ce mutum kusan miliyan ɗaya abin ya shafa, kuma sama da dubu 400 suka rasa matsuguni. Har sansanin Bakasi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi.

A wannan safiya, wa ke da motar da za ta iya ratsa ruwan da ya shanye ƙaramar mota? Wa ke da jirgin ruwa mai inji a kusa, da jirgi mai saukar ungulu, da mutane ɗaruruwa da za a ce musu ku tashi, su tashi cikin minti goma babu musu? Soja. Rundunar Haɗin Kai da Runduna ta 7 da ke barikin Maimalari sun fito da manyan motocinsu da jiragen ruwa, suka riƙa kwaso mutanen da ruwa ya ritsa da su. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ƙi yaba musu bai yi adalci ba. Sojan nan ɗan talaka ne irinmu, wani ma iyalinsa na cikin garin da ruwan ya ci.

Amma jama'a, ku sake kallon bidiyon nan da kyau. Ba soja kaɗai ke cikin ruwan ba. Akwai ma'aikatan NEMA da na SEMA, akwai 'yan sanda, akwai 'yan kwana-kwana, akwai Red Cross, akwai 'yan sa-kai, akwai masunta da kwale-kwalensu, akwai samarin unguwa da suka ɗaura igiya a ƙugu. Da soja ya sauke mutum a tudu, aikinsa a kan wannan mutumin ya ƙare. Wanda zai rubuta sunansa, ya ba shi tabarma da abinci, ya duba ko yaransa sun kamu da amai da gudawa, ya sake gina masa makaranta da rijiya, hukumar farar hula ce. Mun je da ɗan abin da muka tara makonni biyu bayan ruwan, na gani da idona. Lokacin kyamarori sun ragu, aiki kuma sai a lokacin ya fara.

To me doka ta ce? Ba lauya ba ne ni, difloma gare ni, amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ba na lauyoyi kaɗai ba ne. Ku buɗe sashe na 217 a wayoyinku. Ya lissafa ayyukan rundunar soja guda huɗu. Na farko, kare Najeriya daga harin waje. Na biyu, tsare iyakokinta ta ƙasa da ruwa da sama. Na uku, murƙushe tawaye da taimaka wa hukumomin farar hula wajen dawo da doka da oda, idan shugaban ƙasa ya kira su, kuma bisa sharuɗɗan da dokar Majalisar Tarayya ta gindaya. Na huɗu, duk wani aiki da Majalisa ta ɗora musu ta hanyar doka.

Ku lura da abu uku a cikin na ukun nan. Ɗaya, taimako aka ce. Mai taimako kuwa ba shi ne mai aikin ba. Idan ka kira gayya gonarka, 'yan gayya za su yi noma su ci tuwo su tafi, gona tana nan taka. Biyu, sai an kira su, kuma shugaban ƙasa ne mai kiran. Ba ciyaman ba, ba ɗan majalisa ba, ba wani Alhaji mai lambar kwamanda a waya ba. Ko gwamna, roƙo yake miƙawa. Sashe na 218 shi ya ba shugaban ƙasa ikon yanke yadda za a yi amfani da soja, a matsayinsa na babban kwamandan askarawa, kuma wannan sashen dai ya ba Majalisa ikon tsara yadda zai yi amfani da ikon nasa. Uku, akwai sharaɗi. Wato wakilan da muka zaɓa suna da bakin magana a kan yaushe soja zai shigo gari, me zai yi, yaushe zai koma.

Ta ɓangaren bala'o'i irin ambaliya da gobara da rushewar gini kuwa, tsarin matakala ne. Tun 1999 aka kafa NEMA, kuma mataimakin shugaban ƙasa ne shugaban majalisar gudanarwarta. Ana so kowace jiha ta samu tata hukumar, wato SEMA, kowace ƙaramar hukuma kuma ta samu kwamitin agajin gaggawa. Abin da ya fi ƙarfin unguwa ya tafi ƙaramar hukuma, abin da ya fi ƙarfinta ya tafi jiha, abin da ya fi ƙarfin jiha ya tafi tarayya. A cikin rundunonin ƙasa da ruwa da sama akwai rukunonin da aka ware don kai ɗauki lokacin bala'i, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da NEMA. Abin da soja ke kawowa sananne ne: jigila ta sama da ta ruwa, injiniyoyi masu iya kafa gadar wucin gadi da buɗe hanya, likitoci da asibitin tafi-da-gidanka, na'urorin sadarwa idan sabis ya ɗauke, da gadin kayan agaji don kada a wawashe. A takarda, shi ne matakin ƙarshe. A aikace kuwa, mun mayar da shi na farko, saboda matakan ƙasa sun ruɓe.

Bari in yi tambaya, kuma ina so a ba ni amsa tsakani da Allah. A cikinmu nan, wa ya san sunan shugaban kwamitin agajin gaggawa na ƙaramar hukumarsa? Ɗaga hannu. Kun gani ko? Nan ne ciwon yake.

Yanzu mu zo ga ɗaya ɓangaren, wanda ɗan'uwanmu na biyu ya tayar. Kiran soja iri biyu ne, kuma kuskure ne a haɗa su. Akwai kira don ceto, inda abokin gaba ruwa ne ko wuta ko annoba. Akwai kuma kira don kwantar da tarzoma, inda wanda ke gaban bindiga ɗan ƙasa ne. Na farkon alherinsa a fili yake. Na biyun shi ne mai haɗari, domin horon soja daban, horon ɗan sanda daban. Ɗan sanda an koya masa ya kama mutum da rai ya kai shi gaban alƙali. Soja an koya masa ya gama da abokin gaba. Ba laifinsa ba ne, aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Idan ka ɗauko gatari don yanke farce, kada ka yi mamakin abin da zai biyo baya.

Tarihinmu ya nuna mana. A Nuwamban 1999, bayan an kashe 'yan sanda a Odi ta jihar Bayelsa, aka tura soja, aka rushe garin kusan gaba ɗaya. A 2013 babbar kotun tarayya ta umarci gwamnati ta biya mutanen garin diyyar sama da naira biliyan 37. A Oktoban 2001 aka kashe sojoji 19 a jihar Binuwai, abin da ya biyo baya a Zaki Biyam kowa ya sani. A Disamban 2015 a Zariya, hukumar binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ta tabbatar an binne mutum 347 a kabari guda. A ranar 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, aƙalla mutum 85 suka rasu. A wannan karon rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je garin da kansa ya ba da haƙuri. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba na kawo waɗannan don in ci mutuncin kowa ba. Na kawo su ne don mu gane dalilin da ya sa masu rubuta tsarin mulki suka saka sharaɗi.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yau kusan babu jihar da soja ba ya wani aiki na cikin gida. Rikicin manoma da makiyaya, soja. Garkuwa da mutane, soja. Fashin kan hanya, soja. Satar ɗanyen mai, soja. Me ya kawo haka? Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, 'yan sandanta ba su kai dubu 400 ba, cikinsu ma da yawa suna riƙe wa manya jaka da buɗe musu ƙofar mota. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Illar ta shafi kowa. Soja ya gaji, an raba shi gida-gida, ba hutu, ba lokacin horo. Ɗan sanda ya saba da a yi masa aikinsa. Talaka kuma ya daina ganin bambanci tsakanin lokacin lafiya da lokacin yaƙi.

Sai dokar ta-ɓaci, wadda mutane ke rikitawa da shigowar soja. Ita tana sashe na 305. Shugaban ƙasa na iya ayyana ta idan ana yaƙi, ko doka da oda sun rushe, ko bala'i ya auku. Amma sai kashi biyu cikin uku na kowane zaure na Majalisa sun amince, cikin kwana biyu idan suna zama, cikin kwana goma idan suna hutu, kuma wa'adinta wata shida ne sai in an sabunta. Mun ga salonta iri-iri. A Mayun 2004 Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye a Filato ya naɗa Manjo Janar Chris Alli mai ritaya kantoma. A 2006 aka yi irin haka a Ekiti. A Mayun 2013 Jonathan ya sa ta a Borno da Yobe da Adamawa, amma ya bar gwamnoni a kujerunsu. A Maris 2025 aka sa ta a Ribas, aka dakatar da gwamna da majalisar jiha na wata shida. Har gobe 'yan siyasa da lauyoyi ba su daina jayayya a kan cire zaɓaɓɓen gwamna ba. Shawarata gare mu ita ce, ma'auninmu ya zama ɗaya. Abin da za mu yi ihu a kai idan an yi wa namu, kada mu yi tafi idan an yi wa na wasu. Kujera juyawa take.

Haka maganar zaɓe. A 2015 manyan kotunan tarayya biyu, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Legas, sun yanke cewa ba a girke soja don gudanar da zaɓe haka kawai. Dokar Zaɓe ta 2022 ta taƙaita abin da hukumar zaɓe za ta nemi soja a kai: rakiyar kayan zaɓe da kare ma'aikatanta. Saboda haka duk ɗan siyasar da ya zo yana yi mana alfahari wai ya tanadi sojoji ranar zaɓe, ko namu ne, mu ce masa Ranka ya daɗe, ƙuri'a muka tanada.

To yanzu in amsa wa ƙanena da ya ce a ba su ƙasar. Ƙanena, ban ga laifinka ba, yunwa da takaici ne suka yi magana. Mun ga irin wannan a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, inda wasu yara a Kano suka ɗaga tutar Rasha suna kiran soja ya karɓi mulki. Yawancinsu ba a haife su ba lokacin da soja ya bar mulki a ranar 29 ga Mayu 1999. Ni kaina ina firamare a lokacin. Amma ga iyayenmu nan zaune, a tambaye su. Daga 1966 zuwa 1979, sannan daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, kusan shekara 29 soja na mulkin ƙasar nan. An gwada. Kuma ga wani abu da ban ji kowa ya faɗa a zauren ba: wannan dam ɗin na Alau ya taɓa yin ambaliya ya cinye Maiduguri a 1994. Wa ke mulki a 1994? Janar Sani Abacha. Ruwa bai tambayi kaki ko babbar riga ba. A ranar 27 ga Janairu 2002 kuma, rumbun makamai na barikin Ikeja ya yi bindiga, sama da mutum dubu suka mutu, yawancinsu a cikin magudanar ruwa wajen gudu. Sakaci da gyara ba shi da jam'iyya, ba shi da yunifom.

Bambancin kawai shi ne, a ƙarƙashin farar hula kana iya tsayawa a taro irin wannan ka tambayi ina kuɗin gyaran dam suka shiga, ka koma gida ka kwana a ɗakinka. Kana iya kai gwamnati kotu kamar yadda mutanen Odi suka yi. Kana iya korar mutum da ƙuri'a bayan shekara huɗu. Sojan da ka gani yana ɗauke da tsohuwa a baya ya burge ka ne saboda yana aikin ceto a ƙarƙashin doka. Ranar da ya zama shi ne doka, idan ya yi kuskure wa za ka kai wa ƙara?

Ba na so mu tashi da surutu kawai. Ga abin da nake roƙon kowane shugaban matasa na mazaɓa ya yi kafin ruwan farko ya sauka.

Na ɗaya, ku je sakatariyar ƙaramar hukuma, cikin ladabi, a rubuce, ku tambaya ko akwai kwamitin agajin gaggawa, su waye a ciki, nawa aka ware masa a kasafin bana. Ku ajiye kwafin takardar.

Na biyu, hukumar NiMet na fitar da hasashen damina duk shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Ku nemo, ku duba ko tamu na ciki, ku kai wa mai unguwa da limamai a sanar a masallaci da coci da Hausar da kowa zai gane. A 2022 ambaliya ta kashe sama da mutum 600 a ƙasar nan. A ƙarshen Mayun 2025 a Mokwa, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya tafi da sama da mutum 150. Kafin motar agaji ta iso daga ko'ina, maƙwabci ne ke fara miƙa hannu.

Na uku, kowace mazaɓa ta rubuta sunayen masu iyo, masu kwale-kwale, ma'aikatan jinya, masu babbar mota, da gidajen da ke da tsofaffi da naƙasassu. A san tudun da za a gudu, a san makarantar da za a sauka. A fito gayyar yashe kwalbatoci. A ajiye lambar gaggawa ta 112 a waya.

Na huɗu, idan Allah ya kawo ƙaddara jami'ai suka shigo, mu zama masu nuna hanya. Ban da cunkoso don ɗaukar bidiyo, ban da yaɗa jita-jita, ban da gardama a shingen bincike. Idan aka ga an zalunci wani, a rubuta rana da wuri da shaidu, a kai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko a nemi lauya. Ba a jifa, ba a zagi.

Na biyar, kuma wannan namu ne 'yan siyasa, kayan agaji ba kayan kamfe ba ne. Na taɓa ganin inda aka tsayar da rabon shinkafa tun safe har la'asar, mata da goyo a rana, wai ana jiran wani babba ya zo a ɗauki hoto. Wallahi na ji kunya. Wanda ruwa ya ci gidansa ba a tambayarsa katin jam'iyya.

Ga wakilanmu na Majalisar Tarayya kuma, saƙonmu gajere ne. Tsarin mulki ya ba ku ikon gindaya sharaɗi, ku yi amfani da shi. Duk aikin soja na cikin gida a san farkonsa, a san wa'adinsa, a riƙa kawo rahoto gaban Majalisa. A ɗauki 'yan sanda, a horar da su, a biya su. A kula da haƙƙin sojan da ya faɗi a bakin aiki, kada matarsa da marayunsa su yi ta yawon ofis-ofis. Wanda kuskure ya shafa kuma a biya shi diyya ba tare da ya shekara goma a kotu ba.

Waɗanda suka fice daga zauren, ina roƙon admin ya dawo da su yau ɗin nan. Dukansu namu ne, kuma muna buƙatarsu ranar yashe kwalbati.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga ambaliya da fitina. Allah ya kare jami'an tsaronmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, soja da farar hula. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.